Don Zimmer: me ya riƙe shi shekara 66 a besbol alhali bugunsa bai kai ya kawo ba?

Nasiru:

Assalamu alaikum, manyanmu na wannan zaure. Akwai abin da ya ɗaure mini kai game da Don Zimmer. Ya sa hannu da Brooklyn Dodgers a 1949 yana ɗan shekara 18, bai kuma bar besbol ba har ya rasu ranar 4 ga Yuni 2014. Kakar wasa 66 ke nan. Amma in aka duba abin da ya yi a babban lig ɗin Amurka, wasa 1,095 ne, homron (bugun da ya haye katanga) 91, matsakaicin bugunsa kuma .235, wato ko ɗaya cikin huɗu ba ya samu. Ga shi a matsayin manaja bai taɓa kai ƙungiya World Series, wato wasannin ƙarshe na cin kofi, ba. To mene ne ɗan tsaron ciki, mai tsare wajen tashoshi kamar yadda Zimmer ya yi, yake koya a fili da har ƙungiyoyi suka yi ta neman mutumin nan yana ɗan wasa, yana koci, yana manaja, har ya tsufa a benci? Kuma ina bambancin waɗannan ayyuka a aikace? Ina son bayani dalla-dalla, don Allah.

Malam Habu:

Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. Fara cire .235 ɗin nan daga ranka tukuna, domin ba da sanda ake auna ɗan tsaron ciki kaɗai ba. Bari mu fara da filin.

Tsakanin kowace tasha da mai bi mata ƙafa 90 ne, mita 27 da 'yan kai. Mai bugu matsakaici yana isa tasha ta ɗaya daga gida, wato inda ake bugu, cikin daƙiƙa 4.2 zuwa 4.4. Duk aikin ɗan ciki a cikin wannan ɗan lokaci yake: ya karanta ƙwallo tun daga bakin sanda, ya tare ta, ya ciro ta daga safa, ya gyara riƙo, ya jefa. Gyaran riƙon nan shi mutane ba sa gani. Yatsu biyu ake ɗorawa a gicciye kan ɗinkin ƙwallo, don ta tafi miƙe. In yatsun suka bi ɗinkin a tsaye, ƙwallo takan karkace a hanya ta janye mai tsaron tasha ta ɗaya daga kan tasharsa. Shi ya sa ma safar ɗan ciki ƙarama ce, inci 11 da kwata zuwa 11 da kwata uku, aljihunta ba zurfi, don kada ƙwallo ta maƙale a ciki.

Gurabe ukun da Zimmer ya riƙe kuwa kowanne da halinsa. Shotstof, mai tsayuwa tsakanin tasha ta biyu da ta uku, shi ne mai fili mafi faɗi da jifa mai nisa, kuma shi yake tsara sauran. Mai tasha ta uku ya fi kowa kusa da mai bugu, ƙwallo takan zo masa da gudun da ya haura kilomita 160 a awa, ba shi da lokacin ɗaga ƙafa fiye da taku ɗaya ko biyu, sannan ya jefa ta ƙetare fili ƙafa 127. In kuma mai bugu ya dangwala ƙwallo kawai ta gangaro a hankali, da hannu tsirara zai ɗauka yana gudu ya jefa ba tare da ya miƙe ba. Mai tasha ta biyu jifansa gajere ne, amma shi ke shan wuyar tagwayen awut, wato fitar da 'yan wasa biyu a bugu ɗaya, domin yana karɓar ƙwallo ne ya juya wa mai gudu baya, sannan ya juyo ya jefa ta ɗaya alhali ƙato yana zamowa ƙasa ya nufo ƙafafunsa. A zamanin Zimmer babu dokar da ta hana a kwashe masa ƙafa. Sai a 2016 aka tsaurara, bayan Chase Utley ya karya ƙafar Rubén Tejada a wasannin ƙarshen kakar 2015.

Kuskuren da ya fi yawa wajen tarar ƙwallon ƙasa shi ne tsayawa a jira ta. Ƙwallo mai tsalle wuri biyu take da daɗin kamawa: lokacin da take saukowa daga ƙololuwar tsallenta, ko daidai lokacin da ta taɓa ƙasa ba ta riga ta tashi ba. Tsakanin waɗannan biyun shi ne mugun wuri, nan take dukan ƙirji ko ta wuce ta kan kafaɗa. Da ƙafa ake zaɓar tsallen da ake so, a matso ko a ja baya. Safa kuma daga ƙasa take tasowa sama, don hannu ya fi saurin ɗagowa a kan saukowa.

Yanzu ga inda amsarka take. Ɗan ciki ba ya hutawa tsakanin jifa da jifa. A zamanin Zimmer yakan leƙi yatsun mai cafe, mai tsugunawa bayan mai bugu, ya ga irin jifan da aka kira, in mai lanƙwasa ne a hankali ya san mai bugu zai riga ta, sai ya gusa taku ɗaya wajen da za ta faɗo. Shi da abokinsa na tsakiya suna rufe fuska da safa su yanke wanda zai tare tasha ta biyu in mai gudu ya zo satar tashar: baki rufe, ni ne, baki buɗe, kai ne. In akwai mai gudu a ta ɗaya kuma awut bai kai biyu ba, sukan matso taku biyu ko uku ciki da wajen tasha, sun yarda su bar wani fili don su samu tagwayen awut. In ƙwallo ta tafi waje, ya san wa zai fita ya karɓi jifan ɗan waje ya miƙa gida, wa zai tsaya bayan wa. Mutumin da ya yi shekara goma sha yana wannan lissafi sau ɗari da wani abu a kowane wasa, ai rabin aikin manaja ya riga ya iya.

Zimmer kuma bai samu zama a gurbi ɗaya ba, wannan ya ƙara masa. Ya zo Brooklyn a 1954 ya tarar da Pee Wee Reese a shotstof, kyaftin ɗin ƙungiya, ba mai ture shi. Dole ya koyi ta biyu da ta uku. Sai a 1958, da ƙungiyar ta koma Los Angeles, ya riƙe shotstof kaka guda ya buga homron 17, shekara na zagayowa Maury Wills ya karɓe. Daga nan Chicago Cubs, inda aka zaɓe shi wasan taurari a 1961, sai New York Mets a shekararsu ta farko, 1962, sai Cincinnati, ya koma Dodgers, ya ƙare a Washington Senators. A can, ƙarƙashin tsohon abokin wasansa Gil Hodges, har aikin mai cafe ya koya yana da shekara talatin da 'yan kai, don ya ci gaba da samun gurbi. Ya yi 1966 a Japan da Toei Flyers. Lokutan hunturu kuma ya buga a Kuba da Puerto Rico, a ƙungiyar Santurce tare da Willie Mays da Roberto Clemente, shi aka ba kyautar gwarzon gasar Karebiya ta 1955.

Game da bugun nasa, a yi masa adalci. Ranar 7 ga Yuli 1953, yana St. Paul a ƙaramin lig, da homron 23 a rabin kaka, jifan Jim Kirk ya same shi a kai ba hular kwano. Ya yi kusan mako biyu bai san inda yake ba, likitoci suka huda ƙoƙon kansa wuri huɗu don rage matsin jini a ƙwaƙwalwa, daga baya aka toshe hudojin da ƙarfen tantalum. Maganar da ake yawan yi cewa faranti aka sa masa a kai ba haka take ba. A Yunin 1956 kuma jifan Hal Jeffcoat na Cincinnati ya fasa masa ƙashin kunci, kakar ta ƙare masa. Wanda aka yi wa haka sau biyu ya dawo ya tsaya ƙafa 60 da inci 6 daga mai jifa har shekara tara a gaba, ba a raina .235 ɗinsa. Hular kwano ba ta zama dole ga duk sabon ɗan wasa a babban lig ba sai 1971.

Hajiya Bilki:

Malam Habu ya gama da fili. Ni zan tsaya a kan aikin koci, musamman kocin tasha ta uku, don nan Zimmer ya fi daɗewa kafin ya koma benci, kuma aiki ne da ba a ganin mai shi sai ranar da ya yi kuskure.

Aiki biyu gare shi. Na farko miƙa saƙo. Manaja yana ba shi alama daga benci, shi kuma ya maimaita wa mai bugu da masu gudu da taɓe-taɓe: hula, hanci, ƙirji, bel, hannun riga. Yawancinsu holoƙo ne don ruɗa abokan hamayya. Akwai taɓi ɗaya da aka ajiye a matsayin mabuɗi, misali bakin hula, abin da ya biyo bayansa shi ne umarnin gaskiya. Akwai kuma na sharewa, misali shafa ƙirji, wanda ke soke duk abin da ya gabata. Inda ake samun matsala shi ne mai bugu ya kau da ido kafin koci ya gama, ya ga umarni bai ga sharewa ba. Ko mai gudu ya ga alamar a ruga tare da bugu, mai bugu bai gani ba, sai ya ƙi kai sanda, a kama mai gudu a banza. Shi ya sa ƙwararren koci yake ci gaba da taɓe-taɓe ko bayan ya gama saƙo, kuma yake canza mabuɗi duk lokacin da aka sayar da ɗan wasansu ga ƙungiyar da za su kara da ita.

Na biyu, tura mai gudu gida ko tsayar da shi. Kafin a yi jifa ya kamata koci ya riga ya san abu biyar: awut nawa, maki nawa ake nema, saurin mai gudunsa, ƙarfin hannun kowane ɗan waje da inda ya tsaya, da wanda zai yi bugu na gaba. In awut biyu ne, ka tura ko da damar ɗaya cikin uku ce, domin mai bugu na gaba ma, komai ƙwarewarsa, kusan sau bakwai cikin goma faɗuwa yake. In babu awut ko ɗaya, ka tsayar, sai ka tabbata zai isa a tsaye. Koci yakan sauko layin wajen gida taku goma ko fiye, don ya ƙara wa kansa rabin daƙiƙar kallo kuma mai gudu ya gan shi a gabansa.

Ga misalin da ya shafi Zimmer. Wasa na shida na World Series, 21 ga Oktoba 1975, a Fenway Park, Boston da Cincinnati, Zimmer yana kocin tasha ta uku na Boston. Zango na tara, wato na ƙarshe in ba a yi kunnen doki ba, 6 da 6, Boston ta cika tashoshi uku, babu awut. Fred Lynn ya ɗaga ƙwallo gajera wajen layin hagu. A filin nan katangar hagu kusa take, ƙafa 310 ta kan layi, don haka George Foster, ɗan hagun waje na Cincinnati, ba shi da nisa da gida ko kaɗan. Lissafin a fili yake: a tsaya, saura dama biyu da tashoshi cike, maki ɗaya ake nema. Zimmer ya yi ihun hani da kalmar Turanci ta a'a sau uku, Denny Doyle kuma, mai gudun da ke tasha ta uku, a cikin hayaniyar 'yan kallo ya ji kalmar tafi, don sautinsu ɗaya ne a ƙarshe. Ya ruga, Foster ya jefa wa mai cafe Johnny Bench, aka taɓa shi a bakin gida. Awut biyu a bugu ɗaya. Hukuncin koci daidai ne, hanyar isar da shi ce ta gaza. Mai gudun da ke jiran a cafe ƙwallo idonsa ba ya kan hannun koci, da kunne yake aiki, don haka kalmar hani da ta umarni dole su bambanta sarai, kuma a faɗa masa tun kafin jifa cewa in gajera ce ba inda za shi. Carlton Fisk ne ya ceci daren da homron a zango na 12.

Hatsarin wurin ma ba ƙarami ba ne. Bayan ƙwallo ta kashe Mike Coolbaugh yana kocin tasha ta ɗaya a ƙaramin lig a Yulin 2007, aka wajabta wa kociyoyin tasha hular kwano daga 2008.

Nasiru:

Na gode, Malam da Hajiya, Allah ya ƙara sani. To in ya san wasan haka, me ya faru a 1978? Har yau mutanen Boston da sunansa suke tuna shekarar.

Alhaji Ɗanlami:

Ɗana Nasiru, tambayar da ta fi muhimmanci ke nan, kuma a nan zan ɗan saɓa wa Malam Habu. Ya ce ɗan ciki ya iya rabin aikin manaja. Gaskiya ne, amma ɗaya rabin shi ya fi nauyi, kuma ba a fili ake koyonsa ba: raba ƙarfin 'yan wasa, mutum 25 a zamanin Zimmer, a kan wasa 162 cikin wata shida, da zama lafiya da masu jifa.

Ka san manajan besbol ba ya sayen 'yan wasa, wannan aikin babban manajan ofis ne. Nasa shi ne jerin masu bugu tara, wa zai fara jifa yau, yaushe za a cire shi, wa zai huta. Wanda aka cire ba ya dawowa. In manaja ko kocinsa ya je wurin mai jifa ɗaya sau biyu a zango guda, dole a canza shi. Mai jifan da ya fara wasa yana bukatar hutun kwana huɗu, na ajiya kuma in ka sa shi ya ɗumama hannu sau uku ba ka shigar da shi ba, ka ƙona shi kamar ya yi wasa.

Zimmer ya karɓi Boston a Yulin 1976 daga Darrell Johnson, bayan ya riƙe San Diego a 1972 da 1973. Ya ci wasa 97 a 1977, 99 a 1978, 91 a 1979. Manajan banza ba ya yin haka. Amma a 1978, ranar 19 ga Yuli, suna gaban New York Yankees da tazarar wasa 14, tazarar ta narke. Raunuka sun taka rawa, Yankees kuma sun yi wasan da ba a saba gani ba. Sai dai akwai abu uku da suke wuyansa.

Butch Hobson, mai tasha ta uku, yana da ɓaraguzan ƙashi a gwiwar hannun da yake jifa da shi, har ana ganinsa yana gyara su da yatsa tsakanin bugu da bugu. Zimmer ya bar shi a fili, ya yi kuskure 43 a kakar, yawanci na jifa, alƙalamin tsaronsa ya sauka .899, wato kuskure kusan ɗaya cikin goma. Tsohon mai tasha ta uku ya fi kowa sanin cewa ƙafa 127 ba ta jefuwa da irin wannan hannu. Abin da ya rufe masa ido shi ne shi kansa ya dawo daga abin da ya fi haka, don haka yaron da ya ce zai iya, ba ya iya ce masa zauna. Sai a ƙarshen Satumba Jack Brohamer ya karɓi gurbin. Haka Fisk, ya yi cafe a wasa sama da 150, wani ɓangare da tsagaggen haƙarƙari, alhali mai cafe in ya yi 130 ma ya yi ƙoƙari. 'Yan benci kuwa sun yi ta zama har hannunsu ya yi sanyi, ranar da aka bukace su ba su da kaifi.

Na uku, rigimarsa da Bill Lee, mai jifa da hagu wanda ya saba ba Yankees wahala. Ba sa ga maciji, ya cire shi daga jerin masu farawa. Da Yankees suka zo Fenway daga 7 zuwa 10 ga Satumba, suka ci uku na farko 15 da 3, 13 da 2, 7 da 0. A na huɗu Zimmer ya ba sabon yaro Bobby Sprowl ƙwallo, bai fita zangon farko ba, aka tashi 7 da 4. Jimilla 42 da 9. A yaba masa a nan: ƙungiyar ba ta watse ba, ta ci wasa takwas na ƙarshe a jere ta kamo Yankees. A wasan raba gardama na 2 ga Oktoba suna gaba 2 da 0 har zango na bakwai, Bucky Dent ya ɗaga jifan Mike Torrez ya haye katangar hagu da mutum biyu a tasha, aka tashi 5 da 4. Lee kuma aka yi musayarsa zuwa Montreal a ƙarshen shekarar.

Halin nan nasa na bin zuciya shi ne kuma ya ba shi 1989 a Chicago, inda abokinsa tun makarantar sakandare a Cincinnati, Jim Frey, yake babban manaja. Da yara irin su Jerome Walton, Mark Grace da Greg Maddux, yana sa a ruga tare da bugu ko da tashoshi a cike suke, abin da kusan ba mai yi, don in mai bugu ya kuskure an kama na tasha ta uku a bakin gida. Cubs suka ci 93 suka faɗi 69, suka ɗauki rukuninsu, aka ba shi gwarzon manaja na shekara, San Francisco ta fitar da su 4 da 1. A Mayun 1991 aka sallame shi. Jimillar manajancinsa, har da Texas a 1981 da 1982, nasara 885, faɗuwa 858.

A ganina kujerar da ta fi dacewa da shi ita ce wadda ya samu yana da shekara 65, kocin benci kusa da Joe Torre a Yankees, 1996 zuwa 2003. Kocin benci yana riƙe da katin jeri, yana bin waɗanda suka rage a bencin ɓangarori biyu, wa ke bugu da hagu, wa da dama, yana gaban wasa da zango biyu: in muka sa wane, za su kawo wane, to wa ya rage mana a na tara? Yana kawo shawara, wani ne ke yanke hukunci, kuma hutun 'yan wasa da rigimar masu jifa ba a kansa suke ba. Torre mutum ne mai sanyi da lissafi, Zimmer mai zuga a yi kasada, suka ci World Series huɗu: 1996, 1998, 1999 da 2000. A farkon 1999, da aka yi wa Torre aikin cutar daji, shi ya riƙe ƙungiyar wasa 36, ya ci 21. Daga 2004 ya koma Tampa Bay mai ba da shawara, yana sa lambar riga daidai da shekarunsa a wasan, kowace kaka a ƙara ɗaya. Ƙungiyar ta ajiye lamba 66 a 2015, ba mai sake sawa.

Malam Habu:

Alhaji, na karɓi gyara, ba ni da ja a kan Hobson. Abu ɗaya zan ƙara wa Malam Nasiru, tsanin da ke tsakanin wasa da manajanci, don an tsallake shi. Daga 1967 zuwa 1970 Zimmer yana ƙananan lig, ya fara a Knoxville yana wasa yana manaja, ya bi ta Buffalo, Indianapolis, Key West da Salt Lake City, kafin Montreal ta ɗauke shi koci a 1971. A wancan zamani manajan ƙaramin lig kusan shi kaɗai ne: shi zai yi wa yara jifan atisaye, shi zai ɗauki siririyar sandar horo ya buga wa 'yan ciki ƙwallon ƙasa ɗaya bayan ɗaya, hagu, dama, gajeren tsalle, shi zai tsaya kocin tasha ta uku in an fara wasa, da dare kuma ya rubuta wa uwar ƙungiya rahoto a kan kowane yaro kafin a hau bas zuwa gari na gaba. Ba cin wasa ake auna shi da shi ba, yaran da ya tura sama ake ƙirgawa.

Sannan ka duba wasa na bakwai na World Series na 1955, Brooklyn da Yankees, 4 ga Oktoba, don ka ga amfanin mutanen da suka iya gurbi fiye da ɗaya. Zimmer ne ya fara a tasha ta biyu. A zango na shida manaja Walter Alston ya cire shi ya sa George Shuba ya yi bugu a madadinsa. Wannan ya sa Jim Gilliam ya baro hagun waje ya dawo ta biyu, Sandy Amorós ya shiga hagun waje. Da bugu ya koma kan Yankees a zangon, suna da mutum biyu a tasha ba awut, Yogi Berra ya yanko ƙwallo can kusurwar hagu. Amorós bahago ne, safarsa a hannun dama take, ɓangaren layi, ya miƙa hannu yana gudu ya cafe. Ya jefa wa Reese da ya fito karɓa, Reese ya miƙa wa Hodges a tasha ta ɗaya, aka kama Gil McDougald bai dawo ba. Brooklyn ta ci 2 da 0 da jifan Johnny Podres, kofinta na farko kuma na ƙarshe kafin ta bar garin.